Darasin Sana'a: Yadda Ake Zaɓen Sandar Walda

Jama'a, duk wanda ya bi ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana zai ga yadda masu walda suka yawaita a birnin Zazzau. A da idan garma ta karye maƙera ake kai wa. Yanzu ƙofar gida, da taga, da amalanke, da garmar shanu, duk mai walda ake nema. Wasu matasa ma sun sayi ƙaramin inji sun ajiye a zaure. Darasinmu na wannan wata ya shafe su, ya kuma shafi manomin da ke biyan kuɗin aiki, domin shi ne yake asara idan garma ta ɓalle a tsakiyar huɗa.

Sandar walda, wadda masu sana'a ke kira ilaktirod, waya ce ta ƙarfe da aka yi wa riga da wani gari. Wayar ita ke narkewa ta haɗa ƙarfe biyu. Rigar kuwa tana ƙonewa ta kare narkakken ƙarfen daga iska, sannan ta bar ɓawo a sama wanda ake kankarewa. Wani mutumin ƙasar Suwidin, Oscar Kjellberg, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1907. Kafin nan da tsirarar waya ake yi, aikin kuma ba ya ƙarko.

To, ɗauki sanda ɗaya ka duba gindinta, kusa da inda mariƙi ke kamawa. Za ka ga rubutu kamar haka: E6013. Ga amfanin yaƙi da jahilci nan, domin wanda ya iya karanta wannan ba a sayar masa da abin da bai nema ba. Tsarin lambobin daga Amurka ya fito. Lambobi biyu na farko, wato 60, ƙarfin haɗin suke nunawa: wuri mai faɗin milimita ɗaya da tsawon milimita ɗaya zai jure jan nauyin kilo 42 ko kusa da haka. Idan 70 ne, wajen kilo 49 ke nan. Lamba ta uku idan 1 ce, ana iya aiki da sandar a kwance, a tsaye, har da sama da kai. Ta ƙarshe tana nuna irin rigar da irin wutar da take so.

Wadda ta fi yawa a shagunan Sabon Gari da Tudun Wada ita ce 6013, kuma a ganina da ita ya kamata mai koyo ya fara. Tana kama wuta da sauƙi, ba ta yawan fantsama, ɓawonta yana ɗagowa ba wahala. Tana aiki da tsohon injin nan mai nauyi da ake naɗa wayarsa a gida, mai ba da wutar AC, tana kuma aiki da sabon ƙaramin injin da ake ratayawa a kafaɗa, mai ba da wutar DC. Aibinta ɗaya: ba ta nutsewa sosai cikin ƙarfe. Idan akwai tsatsa ko fenti ko baƙin mai, sai ta kwanta a kai lumui, ido ya ga kyau, alhali ciki bai kama ba. Na taɓa ganin amalanken wani maƙwabcina da aka yi wa irin wannan aiki. Buhun masara shida aka ɗora, sandar ja ta rabu tun ba a fita unguwa ba. Da muka duba wurin, tsatsar tana nan yadda take a ƙarƙashin waldar. Saboda haka a goge ƙarfe har ya yi fari kafin a sa wuta, idan kuma mai kauri ne a fafe bakinsa domin narkakken ya sami wurin shiga.

Akwai 6011 mai nutsewa ko da ƙarfe bai gogu sosai ba, sai dai ba kowane shago ke da ita ba. 'Yar uwarta 6010 ba ta aiki da AC, kada mai tsohon inji ya ɓata kuɗinsa.

Sai 7018. Ita ce ta aikin nauyi, kamar gatarin amalanke, ko bakin garma da aka yanka daga sifirin mota. Irin wannan ƙarfe mai tauri yakan tsage a gefen walda idan ya huce da sauri, don haka a ɗumama shi tukuna. Amma 7018 tana da sharaɗi. Ƙaramin injin AC yakan kasa riƙe mata wuta, sai ta yi ta mannewa. Kuma rigarta tana shan raɓa. Idan ta sha, ƙarkon da aka saye ta dominsa ya tafi, shanya a rana kuwa ba ta gyara ta, sai tanda mai zafin digiri 300 ko fiye. Wanda ba shi da wannan, ya sayi daidai aikin ranar daga kwalin da aka buɗe sabo.

Batun raɓa ya shafi kowace sanda. A gidajenmu na ƙasa cikin ganuwa, daɓen zaure yakan jiƙe a watan Agusta. Kada a ajiye kwali a ƙasa. A sami gwangwani mai murfi a rataye shi. Sandar da rigarta ke ɓarewa, ko wayarta ta yi tsatsa, ko take barin ƙananan ramuka a aiki, ta tashi daga aiki.

Bayan lamba sai kauri. A kasuwa da geji ake magana, kuma a nan ne sababbin shiga ke ruɗewa, domin ƙaramar lamba ita ce babbar sanda. Geji 12 kaurinta milimita 2.5 ne, tana son wuta amfiya 60 zuwa 90. Geji 10 milimita 3.2 ce, amfiya 90 zuwa 130. Geji 8 milimita 4 ce, tana buƙatar 130 zuwa sama, wadda ta fi ƙarfin yawancin injinan gida. Ƙa'ida ita ce kada sanda ta fi ƙarfen da za a haɗa kauri. Fayif ɗin ƙofa da taga na yanzu siriri ne ƙwarai, geji 12 ma sai an rage wuta ana yi ɗigo-ɗigo, in ba haka ba a huda shi. Idan kuma wutar gari ta zo ba ƙarfi, kamar yadda ta saba da yamma, geji 10 mannewa za ta yi ta yi. A koma 12, a bi wurin sau biyu.

Ƙarfen zubi, wanda ake kira kas, irin na jikin injin niƙa da famfon ban ruwa, nasa daban ne. Idan ya karye za ka ga bakinsa toka-toka kamar tsaki. Sandar nikel yake so, mai tsada, shi ya sa ake sayar da ita ɗai-ɗai. A yi walda gajere, kamar tsawon gaɓar yatsa, a bubbuga da ƙaramar guduma tun da zafi, a dakata. An gama, a binne shi cikin toka ko busasshen rairayi ya huce a hankali. Zuba masa ruwa tsaga shi ne.

Abu biyu game da lafiya. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken walda, shi ne dare ya yi mutum ya ji kamar an zuba masa yashi a ido. Gilashin garkuwa mai lamba 10 ko 11 ake so. Fayif ɗin ruwa mai shafen tutiya kuma yana fid da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi. Madarar gwangwani da wasu ke sha bayan aiki ba ta maganinsa. A goge shafen, a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa.

Malaman azuzuwanmu, a roƙi wani mai walda na unguwa ya ara wa aji sanduna uku ko huɗu. Kowane ɗalibi ya karanta lambar da ƙarfi, ya rubuta ta a littafinsa, sannan ya faɗi wadda zai nema idan garmarsa ce ta karye.