Darasin Kimiyya: Haɗa Tukunyar Nukiliya a Kwamfuta

To ɗalibai, kowa ya buɗe manhajar PhET ta Jami'ar Kolorado da ke Amurka, ya shiga sashen tsagewar ƙwayar zarra. Yau tukunyar nukiliya za mu haɗa, kuma ko ta fashe babu wanda zai ƙone.

Mu fara da ƙwaya ɗaya ta yuraniyom 235. Ku harbe ta da niyutron daga bindigar da ke gefen allo. Kun ga ta yi karkarwa, ta rabe biyu, ta saki zafi da sababbin niyutron biyu ko uku? Waɗannan su ne kan darasinmu. Idan kowanne ya sami wata ƙwaya ya tsaga, ɗaya ta zama uku, uku su zama tara, kafin ƙiftawar ido wuta ta ci gari.

Yanzu ku zuba yuraniyom 238 a tsakani. Shi haɗiye niyutron yake yi ya yi gum, kuma shi ya fi yawa a ƙasa: a yuraniyom ɗin da ake haƙowa, na Arlit ta Nijar ne ko na wani wuri, 235 kashi 0.7 ne kawai cikin ɗari.

Masana na auna lamarin da harafin k, wato tsagewa nawa kowace tsagewa ke haifarwa. Idan k bai kai 1 ba, wutar mutuwa take yi. Idan ya haura 1, ƙaruwa take yi ba tsayawa. Aikin mai kula da tukunya shi ne riƙe shi daidai 1, kuma da sanduna masu shanye niyutron yake yin hakan. Ku tura sandunan ciki, ku janye su, idonku a kan ma'aunin zafi. Da sandunan kadmiyom Enrico Fermi ya sarrafa tukunya ta farko a Chicago ranar 2 ga Disamba, 1942. Mu ma muna da ƙarama a Zariya tun 2004, mai kimanin kilowat 30, ta bincike ce, ba ta ba da lantarki.

Sai dai kada wasan ya ruɗe ku. Tukunyar gaske ko an kashe ta, ragowar ƙwayoyin da suka tsage na ci gaba da fitar da zafi, dole ruwa ya yi ta zagayawa. Fanfunan ruwan ne suka rasa lantarki a Fukushima ta Japan a 2011, bayan tukwanen sun riga sun tsaya.

Aikin gida: kowa ya nemo inda zai tsayar da sandunan ta yadda zafi zai daɗe bai hau ba, bai sauka ba, ya zano mini shi a littafinsa.