Amsoshin Tambayoyinku: Harhaɗa OpenSSL da Hannunka

Tambaya: Ni ɗalibi ne, kuma ni ke kula da 'yar sabar da muke koyon aiki da ita. Ina so in san ko har yanzu tana karɓar tsohuwar hanyar ɓoye saƙo ta SSLv3, amma OpenSSL ɗin da ya zo da Ubuntu ya ƙi yin gwajin. An ce sai na harhaɗa nawa daga rubutunsa na asali. Haka ne?
Daga mai karatu a Madarunfa, jihar Maradi.

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka. Da gangan aka rufe SSLv3, bayan an bankaɗo rauninsa mai suna POODLE a watan Oktoban 2014. Wanda bai jin tsohon yare kuwa ba zai iya gane ko sabar tana jin sa ba.

Ka sauko da 1.1.1w daga shafin OpenSSL kansa, ka gwama lambar SHA256 ta fayil ɗin da wadda suka wallafa. Inda intanet ke yawan yankewa, fayil kan iso da giɓi ba ka sani ba. Sannan ka saka build-essential da perl, ka warware fayil ɗin da ka sauko da shi, ka shiga jakar da ta fito ka buga:

./config --prefix=/opt/gwaji no-shared enable-ssl3 enable-ssl3-method enable-weak-ssl-ciphers

Sai make, sai make test, sai make install. Aikin kan ɗan ɗauki lokaci, don haka ka cika batirinka kafin a ɗauke wuta.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan --prefix ɗin. Shi ke killace sabon a ɗakinsa. Manhajoji da yawa a kwamfutarka sun dogara da OpenSSL na asali, in ka danne shi da mai rauni ka buɗe wa kanka ƙofar ɓarna, balle 1.1.1 da aka daina yi masa gyara kyauta tun Satumban 2023. Shi kuma no-shared yana hana shi cakuɗuwa da na tsarin.

Gwajin kansa layi ɗaya ne: /opt/gwaji/bin/openssl s_client -connect adireshi:443 -ssl3. In sabar ta karɓi haɗin, to tana buƙatar gyara.

Sabarku kaɗai za ka gwada, ko wadda mai ita ya ba ka izini a rubuce. Dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet tana hukunta kutsawa na'urar wani ba da izini ba. Allah ya ba da sa'a.