Darasin Wannan Wata: Yaushe Ake Ganin Mai Hannu Takwas?

Darasinmu na wannan wata zai kai mu bakin teku, can tsibirin Madagaska da ke gabashin Afirka. A can akwai wata halittar ruwa da mutanen ƙasar suke kira horita. Turawa kuma suna ce mata oktofus. Mu za mu kira ta mai hannu takwas.

Kamanninta

Tana da ƙaton kai mai taushi, da idanu 2, da hannuwa 8. Ba ta da ƙashi ko ɗaya, shi ya sa take iya kutsawa cikin ɗan ƙaramin rami. Bakinta kamar na aku yake. Zuciyarta 3 ce, jininta kuma shuɗi ne. Tana sake launin jikinta kamar hawainiya. Idan ta tsorata sai ta fesa wani baƙin ruwa mai kama da tawada, ta gudu. Tana zama a ramukan duwatsun da ke cikin ruwa kusa da gaɓa. Babban abincinta ƙaguwa ce.

A duba wata

Kullum ruwan teku yakan cika sau biyu, ya kuma janye sau biyu. Amma sau biyu a kowane wata yakan janye sosai, har duwatsun su fito fili. Na farko shi ne kwanakin tsayuwar wata. Na biyu shi ne lokacin da wata ya cika, wato wajen kwana 14 ko 15. Waɗannan su ne kwanakin ganin mai hannu takwas.

A kudu maso yammacin Madagaska akwai wasu masunta da ake kira Vezo. Da ruwa ya janye, sai matansu da yara su shiga da ƙafa, kowa da ɗan mashinsa. Suna bin duwatsu suna duba ramuka. Inda suka ga ɓawon ƙaguwa a bakin rami, sun san tana ciki. Maza kuwa su kan tafi da kwalekwale, su yi nutso inda ruwa yake da zurfi. Abin da suka kamo su sayar wa 'yan kasuwa, a kai ƙasashen Turai. Da kuɗin ne suke ciyar da iyalansu.

Da kamu ya yi yawa

Da masu saye suka yawaita, sai kamu ya yi yawa. Ana kama manya, ana kama ƙanana. Masunta suka fara dawowa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ga dalili. Mai hannu takwas ba ta daɗewa a duniya, ba ta wuce shekara ɗaya da 'yan watanni. Macen sau ɗaya take yin ƙwai a rayuwarta. Takan zauna cikin rami tana tsaron ƙwan, ba ta fita neman abinci. Bayan sun ƙyanƙyashe sai ta mutu. Ke nan, wanda ya kama ta tun tana ƙarama ya yi asara biyu. Bai sami nauyi ba, ya kuma kashe iri.

Dabarar mutanen Andavadoaka

A watan Nuwamba na 2004 mutanen wani ƙauye mai suna Andavadoaka suka yi shawara. Suka keɓe wani yanki na ruwansu, suka hana kamu a wurin har wata 7. Da aka buɗe a 2005, sai ga manya-manya sun cika ramuka, domin wannan halitta tana da saurin girma. Ƙauyukan makwabta suka gani, su ma suka bi. A 2006 suka haɗu suka kafa ƙungiya mai suna Velondriake, wato zama tare da teku. Gwamnati ma ta sa dokar hana kamu a wannan yanki daga 15 ga Disamba zuwa 31 ga Janairu. Daga baya masuntan Tanzaniya da na Mozambik suka koyi dabarar.

Abin ya yi kama da yadda ake hana taɓa tafkin gari sai ranar su. Saboda haka lokacin da ya fi kyau a ga mai hannu takwas shi ne ranar da aka buɗe wurin da aka bari ya huta. Ana kuma daidaita ranar da kwanakin da ruwa yake janyewa sosai. Hausawa suna cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Amma sai kowa ya yi haƙurin, domin mutum ɗaya mai satar shiga da dare zai iya cutar gari duka.

Tambayoyi

1. Hannuwa nawa oktofus take da su?
2. A waɗanne kwanaki na wata ruwan teku yake janyewa sosai?
3. Me ya sa kama ƙanana yake jawo asara?
4. Wata nawa mutanen Andavadoaka suka rufe ruwansu?

Ku rubuta amsoshinku, ku nuna wa malamin ajinku. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.