Kayan su da suka dace da ruwan Batsari da Safana

Tun da rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu na gefen dajin Rugu, samari da dama a Batsari da Safana suka karkata ga kamun kifi. Sana'a ce mai albarka. Abin da ke damuna shi ne yadda ake shigarta: yaro ya tara 'yan kuɗinsa, ya zube su kaf a kan kalli mai tsawo mai ƙananan idanu, sannan ya ari jirgi mai yoyo ko ya hau tsohon tib na mota ya faɗa ruwa. Cikin wata biyu kalli ya yage, jari ya tafi, wani lokaci har da rai.

Ruwanmu ba irin na Yawuri ba ne. Kogunanmu na damina ne, su cika su tumbatsa a Agusta, kafin bazara sun koma rairayi. Abin da ke riƙe ruwa shekara zagaye shi ne madatsai: Zobe da ke kan kogin Karaɗuwa a ƙasar Dutsin-Ma, wanda aka kammala a 1983, da na Jibiya a kan kogin Gada, sai ƙananan dam na ƙasa da tafkuna da kududdufai. Ruwan madatsa yakan rufe filin da a da akwai itatuwa, don haka ƙasansa kututture ne da rassa, kuma gaɓarsa tana ja da baya kowane wata na rani. Da wannan ya kamata a auna duk abin da za a saya.

Jirgi shi ne farko. Ga mutum ɗaya ko biyu, kwale-kwalen katako mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, tsawon mita 4 zuwa 5, ya wadatar. Yana shiga ruwa marar zurfi, ba ya yawan tangaɗi idan ka miƙe za ka jefa birgi, kuma mutum biyu za su iya jan shi gaɓa. Kafin ka biya, sa a jefa shi ruwa ya kwana, ka dawo da safe ka ga abin da ya sha. Bi haɗin katakon da yatsa, ka danna da ƙusa a wurin da ya yi baƙi. Idan ƙusar ta nutse cikin sauƙi, katakon ya ruɓe, komai kyan fentin da aka shafa. Ana toshe haɗi da auduga ko tsumma, a bi da kwalta mai zafi ciki da waje. Ranar Maris da Afirilu ita ce babbar abokiyar gabar jirgin katako, domin tana busar da shi har haɗin ya buɗe. Ka bar shi cikin ruwa, ko ka kife shi a inuwa ka rufe da zana.

Samari kan nuna mini a waya ƙaramin jirgin roba na mutum ɗaya da Turawa ke kamun kifi da shi, suna tambaya ko ya fi namu. An ƙera shi ne don mai sandar fatsa da ke neman nishaɗi. Ba shi da wurin tara jiƙaƙƙen kalli, ba ya ɗaukar gura biyar, idan kuma ya tsage a kan kututture babu kafintan da zai gyara maka shi a Runka ko Ruma. Abu ɗaya nake so mu ɗauka daga gare shi: ko ya kife ba ya nutsewa, saboda akwai iska a rufe a jikinsa. Wannan kuwa ana iya yin sa da arha. Jarka mai lita 20, babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, tana iya riƙe nauyin kusan kilo 20 a saman ruwa. Ɗaure biyu a goshin jirgi, biyu a baya, ƙarƙashin katakon zama, da igiya mai ƙarfi yadda ba za su suɓuce ba. Idan ruwa ya cika jirgin, kada ka sake shi ka ce za ka yi iyo zuwa gaɓa. Riƙe shi. Gaɓa takan yi kusa a ido, a hannu kuwa da nisa.

Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, a tsakiya. Bakin jirgi ya ɗara ruwa da aƙalla taƙi guda bayan an gama lodi. In bai kai ba, a sauke wani abu ko wani mutum. Yawan lodi na cikin abin da ya jawo hatsarin madatsar Watari a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, inda fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Jirgin kamun kifi ba na fito ba ne, kada ka yarda ka ɗibi yara ranar Sallah don 'yan kuɗi. Filafili ya zama biyu, gwangwala ɗaya, da yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa a ɗaure da igiya. Rigar kariya daga nutsewa a jiki take amfani, ko da ka iya ruwa, domin sanyin hunturu yana ƙage ƙafar gwani. Wuƙa kuma ta rataya a wuyanka: masunta da yawa kallinsu ne ko ƙugiyar mamarinsu ta kama ƙafa ta ja su. Idan hadari ya haɗo daga gabas a farkon damina, ka bar kalli inda yake ka nufi gaɓa mafi kusa, kana fuskantar igiyar ruwa da goshin jirgi.

Yanzu ga kayan kamu. A halin da muke ciki, ni gura nake fifitawa a kan kalli. Kalli ana shimfiɗa shi da yamma a ɗaga da asuba, kifin da ya maƙale kuwa yakan mutu cikin 'yan sa'o'i, ya fara lalacewa a ruwa mai ɗumi. Ranar da aka kwana da jin harbi, hanya ba ta biyuwa, ka yi asarar kifi, wataƙila har da kallin. Gura kuwa tana ajiye kifi da ransa. Ka sa dafaffiyar dusa a ciki, ka kafa ta a bakin ciyawa, ka bar samanta ya ɗan leƙo waje don tarwaɗa ta riƙa shaƙar iska, domin kifi ne mai hawowa ya sha iska, in aka hana shi yana iya mutuwa. Kwana biyu ko uku za ka tarar da ita tana motsi, kuma mai rai ta fi daraja wurin masu saye. Ga shi kututture ba ya yaga gura.

Wanda zai yi kalli, gajeru biyu ko uku sun fi dogo guda, don in ɗaya ya maƙale ba duka jarin ya tafi ba. Wurin ɗaurawa, kada a miƙe shi ƙam: kallin da ya kai mita 100 idan an ja shi, a ɗaura shi a kan igiya mai mita 50, ta haka idanun ke buɗewa daidai jikin karfasa. Darma a ƙasa ta rinjayi abin da ke ɗaga shi a sama idan kifin ƙasa kake nema, irin su kurungu da ragon ruwa. Bayan aiki a wanke laka, a shanya a inuwa, domin rana tana cin zaren roba har ya riƙa tsinkewa da ɗan ja.

Batun ido shi ne inda nake rabuwa da mutane da yawa. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3 idan an miƙe idon, ta kuma hana guba da abin fashewa da lantarki. Ko babu doka, lissafin a fili yake. Madatsa rufaffen ruwa ce, babu wani babban kogi da ke kawo mata sabon kifi kullum. Karfasa a baki take goyon ƙwanta, tarwaɗa kuma ciyawar da ruwa ya malale a farkon damina take bi ta yi ƙwai. Wanda ya ja gidan sauro a bakin ruwa a wannan lokaci ya kwashe kamun baɗi na gari guda don cikin kwano ɗaya, kamar mai dafa irin shuka. Mai zuba gubar gamalin kuwa ya haɗa da shanun da ke sha da matan da ke ɗiba. Hana wannan aikin Sarkin Ruwa ne da masu unguwa, su tsayar da watannin hutu a yankin da kifi ke ƙwai, kuma baƙo da ɗan gari hukunci ɗaya. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana da sashen nazarin kifi. Masunta su haɗu a ƙungiya su nemi malamansa su zo bakin ruwa su duba musu ido da girman kifin da ake kamawa.

Mai yawan tsayuwa cikin ruwan tafki ya lura da fitsarinsa. Jini a ƙarshen fitsari alamar tsargiya ce, ƙwayar cutar daga ƙananan dodon-koɗin bakin ruwa take fitowa ta shiga ta fata. Maganinta yana nan a asibiti, ana auna shi da nauyin mutum, kuma masunci zai iya sake kamuwa bayan ya warke, don haka ya riƙa zuwa gwaji duk shekara, ya tafi da yaran da ke taya shi ɗaga gura.