Darasin Turanci: Ƙirga Haruffa, Ka San Ma'ana

Dandume gari ne na noma. Kasuwarta ta yi suna wajen hatsi, musamman masara. Daga nan har Funtuwa da Malumfashi, manomi ba ya rabuwa da buhun taki, da ledar iri, da kwalbar maganin feshi. Amma rubutun da ke jikin waɗannan kaya kusan duk da Turanci yake. Wanda bai iya karanta shi ba yana iya sayen abin da ba shi yake nema ba. Yana iya ƙona gonarsa da hannunsa. Wannan darasi zai nuna maka hanya mai sauƙi ta gane kalmomin nan.

Haruffan Turanci

Turanci yana da haruffa 26. Biyar daga ciki wasula ne: A, E, I, O, U. Wanda ya iya karatun boko na Hausa ya riga ya san yawancinsu. Baƙin su ne P, Q, V da X. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, babu su a Turanci.

Sai dai a lura, Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Turanci ba haka yake ba. Don haka kada ka dogara da kunne kawai. Yi amfani da ido. In ka ga baƙuwar kalma, yi abu uku. Ƙirga haruffanta. Dubi harafin farko. Dubi haruffan ƙarshe.

Masu haruffa 3

BAG, buhu. MIX, gauraya. EAT, ci. NOT, kada ko ba.

NOT ƙaramar kalma ce, amma tana juya magana gaba ɗaya. EAT na nufin ci. DO NOT EAT na nufin kada a ci. Duk inda ka ga NOT, dakata ka tambaya.

Masu haruffa 4

SEED, iri. WEED, ciyawa. FEED, abincin dabbobi. SOIL, ƙasar noma. DATE, kwanan wata.

Dubi ukun farko da kyau. Tsawonsu ɗaya. Ƙarshensu ɗaya, wato EED. Harafin farko kaɗai ya raba su. Na S shi ake shukawa. Na W shi ake nomewa. Na F shi ake ba kaji da tumaki.

Masu haruffa 5

MAIZE, masara. WATER, ruwa. SPRAY, feshi. LITRE, lita.

Masu haruffa 6

COTTON, auduga. MILLET, gero. POISON, guba. DANGER, haɗari. EXPIRY, ƙarewar wa'adi.

POISON da DANGER su ne ya kamata kowa a gida ya sani, har mata da yara. Sau da yawa suna zuwa tare da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, da jan layi a gindin takardar kwalba. Irin wannan kwalba ba a ajiye ta kusa da abinci. In ta ƙare, ba a zuba mai ko ruwan sha a cikinta.

Masu haruffa 7

SORGHUM, dawa. WARNING, gargaɗi. TREATED, abin da aka cuɗa da magani.

In ka ga TREATED SEED a jikin leda, irin shuka ne da aka cuɗa da magani. Ba a kai shi niƙa. Ba a ba dabbobi. Ko ya ragu bayan shuka, ba na tuwo ba ne.

Dogayen kalmomi

Doguwar kalma ba abin tsoro ba ce. Raba ta biyu. Kalmar da ta ƙare da CIDE, maganin kashe wani abu ce. Farkonta zai gaya maka abin da take kashewa.

HERBICIDE, haruffa 9, maganin ciyawa. INSECTICIDE, haruffa 11, maganin ƙwari. FERTILIZER, haruffa 10, takin zamani.

A nan ake yin babbar asara. Wasu magungunan ciyawa ba sa zaɓe. Duk ɗanyen ganyen da suka taɓa sai ya bushe. Manomin da ya ɗauki mai H a zaton mai I ne, ya fesa wa wake ko auduga, ya yi asarar wahalar damina.

Gajerun alamu

Wasu haruffa a madadin dogayen kalmomi suke. NPK sunayen sinadarai uku ne na taki. Lambobin da ke biye, kamar 15:15:15, suna nuna yawan kowanne a cikin kashi 100. UREA kuwa sinadarin N kaɗai gare shi, kashi 46. 50KG na nufin kilo 50. EXP 06/2027 na nufin wa'adin kayan zai ƙare a wata na 6 na shekarar 2027. A jikin magani, nemi lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna.

Irin da cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, ta fitar yana farawa da SAM. SAMMAZ masara ce. SAMCOT auduga ce. SAMSORG dawa ce. SAMNUT gyaɗa ce. SAMPEA wake ne.

Yadda ake duba ƙamus

Akwai Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, wanda ya fara fitowa a 1965. Akwai kuma na Roxana Ma Newman na 1990. Ƙamus yana bin jerin haruffa daga A zuwa Z. Kalmomin A da B suna farko. Na M suna wajen tsakiya. Na W suna kusa da ƙarshe.

In harafin farko ɗaya ne, dubi na biyu. SEED na zuwa kafin SOIL, domin E na gaban O. In na biyu ma ɗaya ne, dubi na uku. SOIL na zuwa kafin SORGHUM, domin I na gaban R. In ka sami kalmar, sake ƙirga haruffanta, ka gwada da na jikin buhu, don ka tabbata ita ce.

Aikin gida

1. Nemi littafin rubutu. Ware shafi ɗaya ga masu haruffa 3, ɗaya ga masu 4, har zuwa 11.
2. Kwafo kalmomi biyar daga tsohon buhun taki. Sa kowace a shafinta.
3. Cika gurbi: haruffa 4, ana shukawa: _ E E D. Haruffa 6, tana kisa: P _ _ _ _ N.
4. Kai wa malamin ajin yaƙi da jahilci ko malamin gona ya duba ma'anar.

Kalma biyar a mako ta isa. Cikin wata uku ka tara 60. Sannu ba ta hana zuwa.