Darasi na 14: Daga Kaset Zuwa Faifai

Ɗalibi, ka ɗauka gidanku yana Tina Junction, kusa da Unguwar Rukuba a cikin garin Jos. Wata rana kakarka ta buɗe akwatinta, ta miƙo maka wani tsohon kaset na bidiyo, ta ce: "Jikana, auren iyayenka ne a cikin wannan. Kakanka marigayi yana ciki, yana magana. Ina so in sake jin muryarsa." Na'urar da ke kunna kaset ɗin kuwa ta daɗe da lalacewa. Yaya za ka yi?

Kafin mu amsa, mu tsaya a kan kalmar "faifai". Asalinta shi ne abin nan mai faɗi, zagayayye, wanda mata suke saƙawa don rufe ƙwarya ko sheƙa hatsi. Da garmaho ya zo, sai Hausawa suka ga abin da ake ɗora masa ya yi kama da faifai, suka ce "faifan garmaho". Yau kuma muna cewa "faifan bidiyo". Jam'insa "faya-fayai".

Kaset iri-iri ne. Akwai babba, wato VHS, wanda kamfanin JVC na ƙasar Japan ya fito da shi a 1976. Akwai ƙanana na kyamarar hannu, kamar Hi8 na 1989 da MiniDV na 1995. Dukansu zare ne siriri mai maganaɗisu ke cikinsu, a kansa ake naɗar hoto da murya. Wannan zare yana tsufa. Laimar damina, wadda Jos take da ita sosai, tana sa ya yi fumfuna. Ƙurar hunturu kuma tana karce shi. Ga shi tun 2016 kamfanin Funai, wanda shi ne ya rage yana ƙera na'urar VHS, ya daina. Saboda haka jinkiri yana iya sa kakarka ta rasa muryar nan har abada.

Da farko, ka dubi zaren ta ƙaramin gilashin kaset. Idan ka ga fararen ɗigo-ɗigo, fumfuna ce. Kada ka kunna shi. Zai ɓata kan na'urar, wataƙila ma zaren ya tsinke. Ka kai wa mai gyara ya goge shi tukuna.

Sannan a haɗa na'urar kaset da kwamfuta ta wata ƙaramar na'ura mai mayar da hoto zuwa lambobin da kwamfuta take ganewa. Wayoyi uku ake amfani da su: rawaya ta hoto, ja da fara na murya. MiniDV bai bukatar wannan, domin da ma da lambobi yake naɗa. Waya ɗaya ta ishe shi. Aikin nan yana son haƙuri. Kaset na awa uku, awa uku zai ci kafin ya gama shiga kwamfuta, kuma in aka ɗauke wuta a tsakiya, an koma baya.

Yanzu mun zo wurin da mutane da yawa suke kuskure. Faifai ba zai fi kaset ɗin da aka juyo daga gare shi kyau ba, amma yana iya fin sa muni ƙwarai. Faifan VCD, wanda ya cika kasuwanninmu a da, ɗigon hotonsa 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Na DVD kuwa 720 ne da 576, wato ya ninka na VCD sau huɗu. Don haka DVD za ka zaɓa. Sai dai faifan DVD na yau da kullum gigabait 4.7 kawai yake ɗauka, alhali awa ɗaya ta MiniDV tana cin kusan gigabait 13. Dole ne manhaja ta matse hoton kafin ya shiga. In an zuba awa ɗaya a faifai, hoto zai fito tas. Awa biyu ma ba laifi. Amma mai son araha yakan ce a cusa masa awa huɗu a faifai guda. Sakamakon haka, da zarar an fara rawa ko kyamara ta motsa, sai fuskoki su farfashe su zama 'yan murabba'ai, har ka kasa gane amarya. A ganina, gara ka sayi faifai uku da ka ɓata fuskar kakanka don kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Ka kuma gaya wa mai aikin ya bar hoton a tsarin PAL, wanda Nijeriya take amfani da shi, mai hotuna 25 a daƙiƙa. Amurka NTSC take bi. Idan an gama, a rufe faifan a cikin manhaja, in ba haka ba wata na'urar za ta ƙi karanta shi. Ka kalle shi daga farko har ƙarshe kafin ka biya, kana lura ko murya tana tafiya daidai da motsin baki.

Kada ka jefar da kaset ɗin. Ka ajiye shi a tsaye, nesa da laima da rana, ka kuma riƙe kwafi a kwamfuta ko filashi, domin faifai ma yana karcewa. Irin wannan aiki ne ake yi, a babban mataki, a ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke nan Jos, a ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya wadda aka kafa a 1979.

Tambayoyi
1. Mene ne asalin ma'anar kalmar "faifai"?
2. Me ya sa bai kamata a cusa awa huɗu a faifai guda ba?
3. Yi amfani da "bai taka kara ya karya ba" a cikin jimlarka.
4. Tambayi wani babba a gidanku ko akwai tsohon kaset, ka rubuta jimla biyar a kan abin da ke cikinsa.