Kafin Ka Sayi Sulen Fir'auna a Washington

A birnin nan, a gidan National Gallery of Art, aka fara baje kolin kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1976, kafin su zaga sauran biranen Amurka. Har yau fuskarsa tana sayar da kaya. Ɗan'uwa mazaunin Silver Spring ko Alexandria, kai ma za ka ci karo da tallan sule mai hotonsa ko na dalar Giza, ana ce maka kaɗan aka buga. Kada ka yi saurin zaro dala.

A zamanin Tutankhamun ba a ciniki da tsabar kuɗi a Masar, sai bayan shigowar Iskandari a 332 kafin haihuwar Annabi Isa ta yaɗu. Saboda haka duk sulen da ke ɗauke da fuskarsa sabon bugu ne. Wani ma fam ɗaya ne kawai na Masar, mai rawayar tsakiya da farin baki, wanda ake ba da canji da shi a Alƙahira. Wasu kuma kamfanoni ke bugawa da sunan Chadi ko tsibirin Niue don masu tarawa.

In an ce maka azurfa ce, nemi lambar 999 a jikinsa, ka ɗora shi a sikeli. Oza ɗaya giram 31.1 ce. Kusanto da maganaɗisu: in ya kama, jabu ne. In bai kama ba ma kada hankalinka ya kwanta, domin tagulla ma ba ta kamawa. Daga nan duba farashin azurfa na ranar. Abin da ya hau kai kuɗin zane ne da akwati, kuma ranar da ka tashi sayarwa da wuya ya dawo maka. Mai ruwan zinari kuwa, ado ne kawai.

Tsoffin sulalla na gaske, irin na Kilofatira, sai da takardar asali, domin tun 2016 Amurka ta taƙaita shigo da kayan tarihin Masar. Wata dokar Amurka ta 1973 kuma ta wajabta a buga kalmar COPY a jikin kwaikwayo.

Wanda ka saya, riƙe shi ta gefe, kada ka goge shi, gogewa na karya masa daraja. Kuma kafin ka kashe ko sisi, je National Museum of American History ka ƙare wa sulalla na ainihi kallo. Shiga kyauta ce.